Tarihin Koyar da Tsira Daga Ruwa a Ƙauyukan Hausawa na Rusairis da Jazira

1.0 Gabatarwa

Rusairis gari ne a ƙasar Sudan, yana gaɓar gabas ta kogin da mutanen ƙasar ke kira Annilul Azraƙ, wato Shuɗin Nilu. A ɗaya gaɓar akwai Damazin, hedikwatar yankin. Daga nan har zuwa Sinja da Sinnar da Wad Madani akwai ƙauyuka da unguwanni na Hausawa, wasunsu sun haura shekara ɗari da kafuwa. Galibinsu a bakin ruwa suke zaune, ko dai a gaɓar kogi, ko a gefen tafkin madatsa, ko kuwa a kan magudanun noman rani na Jazira. Da ruwan nan suke ci, a kansa suke tafiya, shi ne kuma kan ci 'ya'yansu daga lokaci zuwa lokaci.

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin tambaya guda: a wuyan wa alhakin koya wa yaro tsira daga ruwa ya rataya? A da, gida da sana'a ne suka ɗauki wannan nauyi. Daga baya madatsun ruwa suka sauya halin kogin, makaranta kuma ta karɓe yinin yaro. A yau ƙasashe da dama sun wajabta darasin a makarantunsu, Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta yi kira da a yi hakan. Za a duba yadda aka zo wannan matsayi, da abin da wajabta darasin zai buƙata a wuri irin Rusairis.

2.0 Saukar Hausawa a Bakin Nilu

Tun kafin zuwan Turawa, hanyar hajji ta ƙasa tana ratsa Sudan. Maniyyaci kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, ya ƙetare Nilu, sannan ya isa Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin mafi yawan matafiyan sai sun tsaya sun yi noma ko ƙodago kafin su sami guzurin ci gaba. Wasu sun isa Makka sun dawo sun zauna a Sudan, wasu kuma a nan tafiyar ta tsaya musu. Mutanen ƙasar suna kiran waɗannan baƙi na yamma Fallata ko Takarir, ba tare da bambanta Bahaushe da Bafulatani da Babarbare ba.

Babbar ƙaurar da ta kafa garuruwa a Shuɗin Nilu ita ce wadda ta biyo bayan faɗuwar Daular Usmaniyya ta Sakkwato. Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas da jama'a mai yawa, aka tare shi a Burmi, inda ya rasu a fagen fama ranar 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, shi ne ya ci gaba da jagorancin waɗanda suka tsira. Bayan doguwar tafiya suka iso Shuɗin Nilu wajen 1906, suka fara sauka a Shehu Ɗalha, sannan suka kafa garin da ake kira Mai Wurno har yau, kudu kaɗan da Sinnar. Garin ya zama zango ga masu zuwa daga baya, daga cikinsa ne kuma ƙauyuka da yawa suka tsiro a bakin kogin, har zuwa wajen Rusairis.

Dalilin zaɓen bakin kogi a fili yake. Idan ambaliya ta janye takan bar laka mai albarka a gaɓa, wadda Larabcin Sudan ke kira jaraf, jam'i juruf, kwatankwacin fadama a ƙasar Hausa. A nan ake shuka albasa da tumatir da kuɓewa da masara. Kogin kuma yana da kifi. Don haka noman lambu da su suka zama cikin sana'o'in da aka san Hausawan yankin da su.

3.0 Ilimin Ruwa na Gado

Bahaushe bai iso Nilu a matsayin baƙon ruwa ba. A ƙasar Kabi da Yawuri akwai Sarkawa da sauran masunta waɗanda suka gaji zama da gulbi kaka da kakanni. Sarautar Sarkin Ruwa tsohuwa ce, kuma aikin mai riƙe da ita ya haɗa da sanin mashigai, da ba da izinin shiga ruwa, da shirya ceto ko neman gawa idan ruwa ya ci mutum. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, yana nuna wannan gwaninta a bainar jama'a: masunci kan kwanta a kan babban gora, ya yi iyo da shi yana riƙe da homa, goran yana tallafe shi kuma yana zame masa ma'ajin kifi. Wasannin Kabanci da ake yi a bikin sun haɗa da tseren iyo da nutso da tseren kwalekwale.

A gidan masunta, yaro yakan fara shiga kwalekwale tare da mahaifinsa ko yayansa tun yana ƙarami. Yana koyon riƙe filafili da kwarfe ruwa daga cikin jirgi, yana koyon gane zurfi daga launin ruwa da yadda yake murɗawa, da sanin gaɓar da ke shirin zaftarewa, da wurin da kada ke shan hantsi. Ba a keɓe wa wannan karatu sa'a ba, ba a kuma yi masa jarrabawa. Aikin yau da kullum ne ke koyar da shi.

Wannan tsari yana da ƙarfi, amma yana da giɓi babba. Ilimin na 'yan gado ne. Ɗan manomi ko ɗan malami ko ɗan tireda yakan koyi iyo ne a wurin abokai, idan manya ba sa gani, a wuri mafi haɗari kuma ba tare da mai lura ba. 'Ya mace kuwa, wadda ita ce ke zuwa ɗiban ruwa da wanki da wanke-wanke a bakin kogi kusan kullum, da wuya a koya mata iyo da zarar ta fara tasawa, saboda kunya da sutura. Haka nan dabarun tsaro sun gauraye da camfi. Labarin 'yan ruwa da aljanun da ke jan ƙafa yakan hana ƙaramin yaro kusantar gurbi mai zurfi, sai dai ba ya gaya masa abin da zai yi idan ƙafarsa ta riga ta zame.

Ta fuskar addini, akwai hujjar da malamai suka daɗe da sani. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya yi umurni da a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Hadisi kuma ya lissafa wanda ruwa ya ci cikin masu samun ladan shahada. Jama'a sun fi riƙe na biyun, domin da shi ake yi wa iyaye ta'aziyya. Na farkon ne bai sami gurbi sosai a tsarin karatu ba.

4.0 Madatsun Ruwa da Sauyin Halin Kogi

Shuɗin Nilu yana fitowa ne daga Tafkin Tana a tsaunukan Habasha. A bisa ɗabi'arsa, yakan ƙanƙance da rani, ya fara tasowa a watan Yuni, ya cika ya batse a Agusta da farkon Satumba, ruwansa ya yi jajir da laka, yana ɗauke da itatuwa. Wannan lokaci shi ake kira damira a Sudan. Duk wanda ya tashi a bakin kogin ya san wannan zagaye, kuma a kansa ilimin gado ya ginu.

Sauyi na farko ya zo a 1925, lokacin da aka kammala madatsar Sinnar aka buɗe shirin noman auduga na Jazira, a filin da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu. Bayan an ƙara masa sashen Manaƙil daga ƙarshen shekarun 1950, shirin ya mamaye fiye da hekta 800,000, da magudanu masu tsawon dubban kilomita. Babbar magudana, wato tur'a, tana shayar da ƙanana, su kuma su zuba a cikin waɗanda ake kira Abu Ishirin da Abu Sitta, har ruwa ya isa hawasha, wato gonar da aka yanka wa manomi. Noman auduga na buƙatar hannaye da yawa, Hausawa da sauran mutanen yamma kuma suna cikin waɗanda suka cike wannan gurbi. Da yawansu sun zauna a matsugunan 'yan ƙodago da ake kira kambo, jam'i kanabi, waɗanda galibi ke daf da magudanu kuma suka daɗe cikin ƙarancin famfo da asibiti da makaranta.

Magudana ba kogi ba ce, kuma haɗarinta daban ne. Fuskarta a kwance take, tana ruɗar ido. Gefenta a miƙe yake, ga baƙar laka mai santsi, ta yadda wanda ya faɗa ba ya samun abin kamawa. A bakin ƙofofin da ake daidaita ruwa da su kuwa, akwai ja mai ƙarfi a ƙasa wanda ko gwanin iyo ba ya iya ja da shi. Ke nan shirin Jazira ya kai zurfin ruwa ƙofar gidan dubban mutanen da ba masunta ba.

Sauyi na biyu ya biyo bayan yarjejeniyar rabon ruwan Nilu ta 1959, wadda ta ba Masar kubik mita biliyan 55.5 a shekara, ta ba Sudan biliyan 18.5, ta kuma share fagen gina madatsa a Rusairis. An soma aikin a 1961, aka kammala a 1966. Tafkin da ya taru a bayanta yana ɗaukar kimanin kubik mita biliyan 3. An ƙara wa madatsar tsayin mita 10 a wani aikin da aka ƙaddamar a farkon Janairun 2013, abin da ya kai ma'ajin sama da biliyan 7, ya kuma sa aka tayar da iyalai kimanin 20,000 zuwa sababbin garuruwa goma sha biyu.

Tafkin ya bunƙasa sana'ar su, amma ya zo da abubuwan da masuncin kogi bai saba da su ba. Faɗinsa yana ba iska damar tayar da igiya wadda ƙaramin kwalekwale ba ya jurewa. A ƙarƙashinsa akwai kututturan itatuwa da tsofaffin kwazazzabai da ruwa ya rufe. Daɗin daɗawa, gaɓarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne a bar ƙofofi a buɗe a tsakiyar damira domin laka ta wuce, a cika tafkin a ƙarshenta, sannan a riƙa sakin ruwa a hankali har rani ya ƙare. Wurin da yaro ya yi wasa a busasshiyar ƙasa a wannan wata, yana iya fin ƙarfin tsayin babba bayan 'yan makonni. A ƙasan madatsa kuma, ruwa na iya tasowa cikin sa'o'i idan an buɗe ƙofa, ko da ba a ga hadari ba.

Sauyi na uku shi ne babbar madatsar da Habasha ta soma ginawa a 2011 kusa da iyakar Sudan, kimanin kilomita 100 sama da Rusairis, wadda aka fara cika ta a Yulin 2020. Tun daga lokacin, hawa da saukar kogin sun ƙara dogara ga shawarar injiniyoyin da ke nesa. Dattijon da ke karanta kogi daga wata da iska yana da sauran abin koyarwa, amma kogin da ya sani ba shi ne jikansa ke shiga ba.

5.0 Makaranta Ta Karɓi Yaro

Makarantar farko ta yaran waɗannan ƙauyuka ita ce ta allo, wadda a Sudan ake kira halwa, kalmar da Hausa ta sani da ma'anar keɓewa don ibada. Karatun boko ya shigo ƙasar a zamanin mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar. An buɗe Kwalejin Gordon a Hartum a 1902, aka kafa cibiyar horar da malamai ta Bahtar Ruda kusa da Duwaim a 1934, wadda ta zama tushen manhajar firamare ta ƙasar. Bayan samun 'yanci a 1956 makarantu suka yaɗu, aka kuma sauya tsanin karatu fiye da sau ɗaya: a 1970, da farkon shekarun 1990, da kuma 2020.

Shigar yaro makaranta tana da tasiri biyu a kan wannan batu. Na ɗaya, sa'o'in da ɗan masunci ke yi a cikin kwalekwale tare da mahaifinsa sun ragu, don haka hanyar gado ta raunana ko a gidajen da take da ƙarfi. Na biyu, zuwa makarantar kanta ya zama dalilin ƙetare ruwa. Ƙasa mai baƙar laka takan yanke hanya da damina, ƙoramu su cika, yaro ya zama sai ya ratsa ruwa ko ya shiga jirgin fito kafin ya isa aji.

Abin da ya faru ranar 15 ga Agusta, 2018, ya nuna haka ƙarara. A yankin Buhaira na Jihar Nahar Annil, arewa da Hartum, inda tafkin madatsar Marawi ya mamaye, wani jirgi ɗauke da 'yan makaranta fiye da arba'in ya sami matsalar inji a tsakiyar ruwa mai ƙarfi, ya kife. Yara 22 da mace ɗaya suka rasu. Sun shiga jirgin ne saboda ruwan sama ya yanke hanyar da suka saba bi da ƙafa. Wurin yana nesa da Rusairis, amma siffarsa ɗaya ce: tafkin madatsa, da ƙauyuka a warwatse a gaɓarsa, da makaranta a ƙetare. A ƙasar Hausa ma an ga irinsa ranar 30 ga Nuwamba, 2021, a madatsar Watari ta ƙaramar hukumar Ɓagwai a Jihar Kano, inda jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau ya nutse da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla mutum 29.

6.0 Yadda Wasu Ƙasashe Suka Wajabta Darasin

Tarihi ya nuna cewa sau da yawa sai an yi babban rashi hukuma ke farkawa. A Japan, jirgin fito mai suna Shiun Maru ya yi karo da wani jirgin cikin hazo ranar 11 ga Mayu, 1955. Mutum 168 suka rasu, ɗari daga cikinsu 'yan makaranta ne masu yawon buɗe ido. Ana lissafa wannan haɗari cikin dalilan da suka sa aka yawaita gina wuraren iyo a makarantun ƙasar. A Koriya ta Kudu, nutsewar jirgin Sewol ranar 16 ga Afrilu, 2014, ta ci rai 304, kimanin 250 daga cikinsu ɗaliban sakandare ɗaya ne, bayanta kuma gwamnati ta faɗaɗa darasin iyon tsira a firamare. A Ingila, iyo yana cikin manhajar ƙasa tun 1994, inda ake son kowane yaro ya iya ninƙayar mita 25 kafin ya gama firamare.

Waɗannan ƙasashe ne masu hali. Misalin da ya fi kusa da yanayin Sudan shi ne na Bangladash. Wani binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a 2003 ya gano cewa nutsewa ce kan gaba wajen kashe yara daga shekara 1 zuwa 17. Daga 2006 aka soma shirin SwimSafe, wanda bai jira ginin wurin iyo na zamani ba. Ana kafa dandamali da shinge na gora a cikin kududdufin ƙauye, a horar da matasan garin maza da mata su zama malamai, a koya wa yaro ninƙayar mita 25, da tsayawa a saman ruwa na daƙiƙa 30, da ceton wani daga kan tudu. Ga ƙananan da ba su isa koyon iyo ba, an buɗe wuraren reno da ake kira Anchal, inda ake tsare su a sa'o'in da iyaye mata ke cikin aiki.

A matakin duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahotonta na farko a kan nutsewa a 2014, inda ta ƙiyasta mutuwar mutum 372,000 a shekara, fiye da kashi 90 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Ranar 28 ga Afrilu, 2021, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri na farko a tarihinsa a kan wannan matsala, bisa jagorancin Bangladash da Ayalan. Ƙudurin ya ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa, ya kuma ƙarfafa wa ƙasashe gwiwa su sanya darasin kiyaye kai daga ruwa da iyo da taimakon gaggawa cikin manhajar makarantu. Rahoton Disambar 2024 ya nuna cewa adadin ya sauko zuwa kimanin 300,000 a 2021, kuma yawan mutuwar, idan an auna shi da yawan jama'a, ya ragu da kashi 38 cikin ɗari tun daga 2000. A yankin Afirka na hukumar kuwa, raguwar kashi 3 ce kacal.

7.0 Yunƙurin Sudan da Abin da Ya Tare Shi

Sudan ba ta rasa masu yunƙuri ba. A shekarun 2010, ƙungiyar Nile Swimmers, tare da 'yan sikawut na ruwa na ƙasar, ta horar da masu ceto da malamai, ta kuma kai darasin kiyaye kai daga ruwa cikin azuzuwa. Darasin na baki ne da hotuna, wanda malamin aji zai iya bayarwa ko babu wurin iyo. Aikin ya fi ƙarfi a Jihar Hartum, inda koguna biyu ke haɗuwa.

Yankin Shuɗin Nilu kuwa ya sha fama da abin da ya fi gaban manhaja. Yaƙi ya ɓarke a Damazin a Satumbar 2011 tsakanin gwamnati da 'yan tawayen SPLM ta Arewa. A 2020 aka yi ambaliyar da ta zarce ta 1946 da ta 1988 a ma'aunin Hartum, ta kashe fiye da mutum ɗari a faɗin ƙasar, a shekarar ne kuma madatsar Buɗ da ke cikin jihar ta fashe ta rushe ɗaruruwan gidaje. A Yulin 2022 rikici ya tashi tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin a kan ƙasa da sarauta, ya shafi Rusairis da Ganis, ya sake tashi a Oktoba a Wad Almahi, har cikin garuruwan da aka gina wa waɗanda tafki ya tayar. Ɗaruruwa suka mutu, dubun-dubata suka bar gidajensu, makarantu da dama suka koma masaukin 'yan gudun hijira.

Daga 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi tsakanin sojan ƙasa da dakarun RSF ya rufe makarantun Sudan kusan baki ɗaya. A Oktoban shekarar, UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ba sa zuwa aji. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, Sinja kuma a ƙarshen Yunin 2024, kafin soja su ƙwato su daga baya. A farkon Yulin 2024 an ba da rahoton nutsewar kimanin mutum 25, galibi mata da yara, a Shuɗin Nilu, suna ƙoƙarin tsere wa faɗan Jihar Sinnar cikin jirgi. Wato a daidai lokacin da mutane suka fi buƙatar sanin ruwa, a lokacin ne makarantar da za ta koyar da shi ta kasance a rufe.

8.0 Abin da Wajabta Darasin Zai Buƙata

Doka a takarda ba ta ceton kowa. Idan za a wajabta darasin a ƙauyukan Rusairis da Jazira, tarihin da ya gabata ya nuna abubuwa biyar da sai an warware su.

Na farko shi ne wurin koyo. Magudanun Jazira matattarar tsargiya ce, cutar da ƙwayarta ke rayuwa a jikin dodon-koɗin ruwa ta shiga ta fatar mai wanka. Yawanta tare da zazzaɓin cizon sauro ne ya sa aka kafa Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu a 1979. Tura yara cikin tur'a da sunan koyon iyo magance wata cuta ce da wata. A kogi da tafki kuma akwai kada. Don haka dole a raba darasin gida biyu: na aji, wanda ya wajaba a kan kowace makaranta, da na cikin ruwa, wanda ba a yin sa sai inda aka sami wuri marar zurfi, mai shinge, wanda ma'aikatan lafiya suka amince da shi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a fara daga shekara shida, da izinin iyaye, a kuma tantance masu farfaɗiya da makamantansu.

Na biyu shi ne abin da za a koyar. Mai nutsewa ba ya yawan ihu, kuma al'amarin kan ƙare cikin 'yan mintoci. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Wannan karin magana ita ce ginshiƙin darasin ceto: yaron da ya faɗa ruwa don ya ceci ɗan'uwansa, sau da yawa tare ake tsamo su. Abin da ake koya masa shi ne ya yi kururuwa, ya kwanta a gaɓa ya miƙa sanda ko rawani, ko ya jefa abin da ke tasowa. Jarkar lita 20 wadda babu komai a ciki, in an toshe bakinta da kyau, tana iya tallafar babban mutum, ita ce kuma goran wannan zamani da babu gidan da ba shi da ita. Idan an fito da mutum ba ya numfashi, hura masa iska da danna ƙirji ake yi nan take. Juya shi ƙafa a sama ko matsa cikinsa ɓata lokaci ne.

Na uku shi ne 'ya'ya mata. Muddin babu malamai mata da keɓantaccen lokaci da suturar da iyaye suka yarda da ita, rabin ɗalibai za su tsaya a gaɓa, alhali su ne suka fi zuwa bakin ruwa.

Na huɗu shi ne harshe da malami. Larabci ne harshen makaranta a Sudan, amma ƙaramin yaro a ƙauyen Hausawa da Hausa yake jin gargaɗi. Tsofaffin masunta da masu fito sun san kowane lungu na ruwan garinsu. Idan aka haɗa su da malamin aji, ilimin gado zai fita daga hannun 'yan gado ya isa ga kowa. Haka kuma dole darasin ya shiga halwa, domin akwai yaran da ba su da wata makaranta sai ita.

Na biyar shi ne iyakar darasin kansa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu mutuwa ta nutsewa a duniya ba su kai shekara biyar ba, wato ba su isa shiga aji ba. Su kulawar manya da rufe rijiyoyi da randuna da shinge ne ke tsare su. Haka nan iya iyo ba ya hana jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima kifewa. Ƙayyade yawan fasinja, da rigar kariya, da sanar da ƙauyuka kafin a buɗe ƙofar madatsa, nauyi ne na hukuma wanda ba za a ɗora wa yaro ba.

9.0 Kammalawa

Cikin shekara ɗari da 'yan kai, dangantakar Hausawan Shuɗin Nilu da ruwa ta ratsa matakai uku. Da farko sun zauna da kogi mai zagaye sananne, gida da sana'a suna koyar da shi ga waɗanda suka gada. Daga 1925 madatsu da magudanu suka kawo sabon ruwa mai sabon haɗari ga mutanen da ba su gaji su ba. Daga baya makaranta ta zama wurin da yara suka fi taruwa, duniya kuma ta amince cewa can ne ya dace a koyar da tsira, sai dai yaƙi da rikici suka rufe ƙofar aji a wannan yanki kafin kiran ya isa ko'ina.

Duk lokacin da aka zauna sake tsara makarantun Rusairis da Jazira, za a yi ta lissafin rufi da benci da albashin malamai, kuma abu ne mai sauƙi a ɗauki darasin ruwa a matsayin ƙari da zai iya jira. Amma sashensa na aji ba ya cin kuɗi mai yawa, masana ruwan suna cikin ƙauyukan, kayan aikin kuma sanda ce da igiya da jarka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Damira na zuwa kowace shekara a watanninta, saboda haka lokacin koyar da yaro shi ne rani, tun kogi yana ƙasa.